Kurakuran da maharba ke yi wajen sayen madubin hangen nesa mai rahusa

Mai farauta da kwari da baka ba daga nesa yake harbi ba. Kibiyar da ake so ta kayar da dabba, ba ta ji mata ciwo ta gudu da shi ba, daga taku ashirin zuwa talatin ake sakinta. Don haka aikin madubin hangen nesa a hannun maharbi shi ne ya nuna masa abin da ke laɓe cikin sabara ko geza tun abin bai gan shi ba, ya kuma tantance masa gada ce ko akuyar makiyayi, mai shayarwa ce ko wadda za a iya harbi. Yawancin masu zuwa kasuwa a Sakkwato neman wannan kaya sukan manta da haka, su nemi wanda ya fi kowanne jawo nesa, kuma daga nan asarar take farawa.

Babban kuskure shi ne bin babbar lamba. A jikin kowane madubi akwai lambobi biyu, misali 8x42. Ta farko na nufin yana kusanto da abu sau 8, wato abin da ke mita 80 za ka gan shi kamar yana mita 10. Ta biyu faɗin gilashin gaba ce a milimita, wanda shi ke tara haske. Mutum zai ga 20x50 kusa da 8x42 ya ce ai ashirin ta fi takwas. Abin da bai sani ba, yadda madubi ke ninka hoto haka yake ninka rawar hannu. Daga an wuce 10, hoton ba ya tsayawa sai da abin dogarawa, ballantana ga wanda ya sha tafiya yana haki, baka a hannu ɗaya. Filin da ake gani kuma yana ƙuntata: mai 8 yakan nuna faɗin wajen mita 130 a nisan mita 1000, mai 20 kuwa da ƙyar ya kai rabin haka. Fakara ta gifta, kafin ka lalubo ta a cikin madubin ta shige ciyawa. Ga kuma zafinmu na watan Afrilu da ke haura digiri 40, ƙasa na tashin kawalwalniya, babban ninki ita kawai zai ƙara fito maka da ita. Ni dai shawarata ga maharbi 8 ce, in kuma filin fadama yake yawan shiga irin na gefen Gulbin Rima, ya iya ɗaukar 10, kada ya wuce nan.

A nan ya kamata a ambaci lambobin ƙarya. Ɗan ƙaramin madubi da ke shiga aljihu an rubuta masa 60x60 ko 30x60, ka sa ma'auni a gilashin gaba ka ga bai kai milimita 25 ba. Haka wanda aka rubuta wa yana gani da dare: madubin da ba shi da batir da na'urar ƙara haske ba ya gani cikin duhu, ko me aka rubuta a kwali. Mai ɗan hannu da ake turawa yana ƙara ninki, irin 10-30x50, shi ma a cikin masu rahusa a guje shi, domin filinsa ƙunci ne kuma da wuri yake kwancewa.

Kuskure na gaba shi ne gwada madubi da tsakar rana a bakin shago. A hasken azahar kowane madubi jarumi ne, alhali dabba da asuba da almuru take fitowa. Akwai lissafi mai sauƙi: raba lamba ta biyu da ta farko. 8x42 zai ba ka 5 da ɗoriya, 10x25 kuma 2.5. Wannan shi ne faɗin ɗigon hasken da ke isa idonka, a milimita. Ƙwayar idon matashi tana buɗewa har wajen milimita 7 cikin duhu, ta dattijo takan tsaya kusa da 5. Madubin da ɗigonsa bai kai 4 ba zai dushe maka daidai lokacin da kake buƙatarsa. In kana so ka ga ɗigon da idonka, miƙa hannu da madubin, ka fuskanci sarari mai haske, ka dubi gilashin da ake kafa ido. In ɗigon zagayayye ne fes, gilashin ciki mai kyau ne, irin da ake rubuta wa BaK-4. In gefensa ya yi kusurwa huɗu da inuwa, BK-7 ne, yana rage haske a gefe.

Launin gilashin gaba ma yana yaudarar mutane. Mai jan ƙyalli ko ruwan lemo yana ɗaukar ido a kasuwa, amma wannan launin da aka shafa wa gilashin, haske yake mayarwa waje, ya bar maka hoto mai kore-kore, sannan yana walƙiya a rana ya tona maka asiri. Shafe na gari ba ya ƙyalli sosai, kore ne mai duhu ko shuɗi-shuɗi, kuma in ka leƙa ba ka ganin fuskarka tar a ciki.

Wasu kuma suna raina madubi mai kafaɗa, wanda gilasan gabansa suka fi na baya warewa, su ce tsohon yayi ne, su zaɓi miƙaƙƙe siriri. Miƙaƙƙen ya fi wuyar ƙerawa, sai an kashe masa kuɗi yake yin kyau. In kuɗinka kaɗan ne, mai kafaɗa ya fi ba ka hoto garau a farashi ɗaya, shi ya sa kamfanoni irin su Nikon har yau suke yin sa. Tsofaffin 8x30 na Rasha da ake samu a gwanjo ma suna da aiki, duk da ɗigonsu ya ɗan gaza 4, in dai ka haska tocila ta gaba ka tabbatar babu hazo ko zaren fumfuna a ciki. Rauninsu shi ne yawancinsu ba a toshe suke ba, ƙurar hunturu na shiga. In ka samu wanda aka toshe da roba aka cika shi da iskar naitirojin, ƙarin kuɗin bai faɗi banza ba, domin abin da ya hana ruwa shiga shi ke hana ƙura.

Kafin ka biya, nemi wayar lantarki ko saman hasumiyar masallaci ka kalla, sannan ka janye madubin daga idonka a hankali. In wayar ta rabu biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, bututun biyu sun saɓa, ka ajiye shi ko da kyauta ne, ciwon kai kawai zai sa maka. Amma kada ka yanke wa madubi hukunci ba ka daidaita shi da idonka ba, wannan ma kuskure ne da ya yi yawa. Rufe gilashin gaba na dama da tafin hannu, ka juya majuyin tsakiya har hagu ya fito sarai. Sai ka rufe na hagu, ka juya zoben da ke wajen idon dama shi kaɗai. Mai sa tabarau ya naɗe robar ido ko ya murɗa ta ƙasa ya ga ko yana ganin da'irar gaba ɗaya. Ka kuma ce wa mai shago: "Alhaji, zan gwada shi da magariba, in bai yi ba in dawo da shi gobe." In ya ƙi, ka nemi wani shagon.

Akwai abin da maharbin baka kaɗai ke fuskanta. Madubin da ke lilo a ƙirji tsarkiya na iya kama shi lokacin saki, kibiya ta kauce, madubin ya fashe. Mai riƙe baka da hagu ya saɓa igiyar madubin ta kafaɗa, madubin ya koma kwiɓinsa na dama, a ɗaure yadda ba zai riƙa bugun kwari yana ƙara ba. Nauyi ma abin dubawa ne: 8x42 yakan kai wajen giram 700, 10x50 ya doshi kilo guda, 8x32 kuma wajen rabin kilo, ga mai doguwar tafiya.

Bayan saye, gefen riga ne ke kashe gilashi. Ƙurar hunturu yashi ce, gogewa ɗaya ta bar zane. A fara hure ta, a share da burushi mai laushi, sannan a goga da ƙyallen tabarau. Kada a bar shi gaban mota a rana, kada kuma a bar yara su kalli rana da shi, yana ƙona ido nan take.

Halin da dazuzzukanmu ke ciki, musamman wajen Isa, Sabon Birni da Tangaza, ya sa mutum riƙe da madubin hangen nesa na iya jawo zargi. Ka sanar da Sarkin Baka da mai gari inda za ka shiga, ka sa madubin cikin jaka in za ka wuce shingen jami'an tsaro, kada ka taɓa auna shi wajensu.