Darasi na Tara: Jarin Ɗan'uwa

Kafin a buɗe littafi, malami ya tambayi aji: wa ya fara koya maka abin da kake ci da shi yau? A bar kowa ya faɗa da bakinsa. A ajin maza za a ji Baba, Kawu, Yaya, maigidana. A ajin mata za a ji Inna, Gwaggo, uwar miji, wani lokaci har kishiyar uwa. Da wuya a sami wanda zai ce shi kaɗai ya tashi ya iya.

Karatu na farko: inda hannu ke fara koyo

Yaron da aka haifa a gidan dukawa ba ya tuna ranar da ya fara sanin fata. Yana rarrafe yana jin warin jima. Yana ɗan tasawa ana aikensa sayo bagaruwa. Kafin ya riƙa basilla ya riga ya san ƙirgi mai kyau da wanda wuƙar mahauci ta ɓata, ya san jan da karan dafi ke bayarwa. Babu wanda ya zaunar da shi ya ce yau darasi ne. Haka ɗiyar mai ƙuli-ƙuli take sanin gyaɗa ta soyu tun daga ƙamshi.

Wannan sani ba ƙaramin abu ba ne. A zamanin da, fatar jar akuyar Sakkwato ta daɗe tana ƙetare Sahara a bayan raƙuma zuwa arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai, har Turawa suka riƙa kiranta da sunan Maroko don ta can ta iso musu. Majema da dukawan da suka gyara ta a gida suka koya, wajen iyaye da kakanni.

Ko ilimin da garin nan na Sakkwato ya yi suna a kansa a cikin gida ya yaɗu. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya karantar da ƙanensa Abdullahi, da ɗansa Muhammadu Bello, da 'yarsa Nana Asma'u. Ita kuwa Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ba ta bar karatun a ɗakinta ba. Ta naɗa mata jajis, wato jagororin karatu, ta ba su malfa, suka riƙa kai karatu ga matan ƙauyuka. Su da matan da suke karantarwa ake kira 'Yan Taru. Duk macen da ke zaune a wannan aji da alƙalami a hannu ta sani ba baƙon abu take yi ba.

Sai dai gado ba tilas ba ne. Ɗan baduku na iya cewa gyaran waya yake so, ko walda, ko aikin asibiti. Uban da ya ga hannun ɗansa ya fi faɗawa wani wuri ya sa masa albarka ya kai shi wajen mai koyarwa na kirki. Abin da yaron ya kwasa a gida, irin su sammako da riƙon amana da iya magana da mai saye, zai bi shi duk inda ya je.

Karatu na biyu: dubu ɗari biyu

Wannan labari misali ne, amma kowa a aji zai ga kamar ya san masu shi.

Wani mutum yana da rumfar hatsi a Tsohuwar Kasuwa. Ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya, ya zo masa da rani, lokacin da ake cire albasa a fadamun Wurno da Goronyo, tana araha.

"Yaya, ina son in taɓa sayen albasa in aje, in ta yi tsada in sayar."

"Nawa kaka so?"

"Dubu ɗari biyu."

Wan ya ƙirga ya miƙa masa. "Amshi. Allah shi sa albarka."

Iyakar maganar ke nan. Ƙanen ya sayi albasa ya zuba a rumbu. Da damina ta matso laima ta kama ta, wata ta yi tsiro, wata ta ruɓe. Abin da ya rage ya sayar, ya tashi da dubu ɗari da hamsin. Ya kawo wa wansa. Wan ya duba ya ce saura dubu hamsin. Ƙanen ya ce ai shi a saninsa kashi-mu-raba aka yi, da an ci riba da an raba. Wan ya ce shi rance ya bayar.

Magana ta kai gaban tsohuwa. Ta ce, "Mi kunka ce ranar da ka ba shi kuɗɗin?"

"Ba mu ce komi ba, Inna."

Babu maƙaryaci a cikinsu. Kowa abin da ke ransa ya riƙe. Amma daga nan gaisuwa ta koma ta fatar baki, matansu suka daina aika wa juna tuwo, yara ma suka fara jin abin a jikinsu. Dubu hamsin ba ta kai wannan ɓarna ba.

Mu yi lissafi

A rubuta a allo, kowa ya kwafa:

Jari: ₦200,000
Sayen albasa: ₦180,000
Mota da lodi da buhuna: ₦20,000
Abin da aka sayar: ₦150,000
Faɗuwa: ₦200,000 a cire ₦150,000, saura ₦50,000

To wa zai ɗauki wannan dubu hamsin? Amsar tana ga irin yarjejeniyar da aka yi tun farko, kuma iri uku ne kuɗi ke fita daga hannun ɗan'uwa.

In kyauta ce, magana ta ƙare, ba a bin kowa komai.

In rance ne, wanda ya karɓa zai mayar da ₦200,000 cif, ko ya ci riba ko ya faɗi. Mai kuɗi kuma ba ya da ko naira ɗaya a ribar. In ya shardanta ƙari a kan abin da ya bayar, ya shiga kuɗin ruwa, wanda addini ya haramta.

In kuwa kashi-mu-raba ne, abin da littattafan fiƙihu ke kira ƙiradi, to ɗaya ya kawo kuɗi, ɗaya ya kawo ƙarfinsa. Ana yanke rabon riba tun farko: rabi da rabi, ko kashi ɗaya cikin uku, yadda dai suka amince. Ba a cewa "kowane wata ka kawo mini dubu goma", sai dai kaso daga abin da aka samu. In aka faɗi ba da sakacin mai juyawa ba, faɗuwar a kan mai kuɗi take, shi kuma mai juyawa ya yi asarar wahalarsa. A nan wan zai karɓi ₦150,000 ya haƙura.

Yanzu a juya labarin. A ɗauka albasar ba ta ruɓe ba, an sayar ₦260,000. Nawa ne riba? In rabi da rabi ne, nawa kowa zai samu? In rance ne fa? Ku lura da wani abu: da riba aka ci, watakila wan ne zai ce kashi-mu-raba aka yi, ƙanen ya ce rance ne. Haka zuciya take.

Rubutu ba rashin yarda ba ne

Abin da ke hana mutane rubutawa shi ne kunya. Ana ganin kamar in ka ce wa ɗan'uwanka "mu rubuta" ka ce masa ɓarawo. Amma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka, kuma ta ce a rubuta shi a kafa shaidu. Ba ta ware 'yan'uwa ba. Mutum yana mantuwa, mutum yana mutuwa, magada kuma takarda suke gani, ba abin da ke cikin zuciyar mamaci ba.

Ga yadda takardar za ta kasance. Kowa ya kwafa a littafinsa, ya cike guraben da sunayen da ya ga dama:

Yau ranar ______, ______ ga watan ______, shekarar ______.
Ni ______ na ba ______ kuɗi ₦______.
Wannan kuɗi (rance ne / na kashi-mu-raba ne).
In rance ne, za a biya ranar ______.
In kashi-mu-raba ne, rabon riba shi ne ______.
Sa hannun mai bayarwa ______ Sa hannun mai karɓa ______
Shaida na farko ______ Shaida na biyu ______

A yi ta biyu, kowa ya riƙe ɗaya. Wanda hannunsa ya fi sabawa da ajami ya rubuta da ajami, takarda takarda ce. Wanda bai riga ya iya sa hannu ba ya dangwala babban yatsa. In ta waya aka tura kuɗin, kada a dogara da saƙon banki kawai: saƙon yana nuna kuɗi sun fita, ba ya faɗin na mene ne.

Yadda gida ke cin jari ba a sani ba

Rikicin wa da ƙane kowa na ganinsa. Akwai wanda ya fi shi cin jari, shi kuwa ba a jin motsinsa.

Mace tana sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a cikin gida. Da safe maigida ya ce ba shi da canji, ta ba yara kuɗin koko. Da hantsi ƙanwar miji ta aiko a ba ta kwalba ɗaya, "za a kawo". Da la'asar aka zo da goron suna, dole a yi gudunmawa. Da dare aka ga babu magi. Kowane ɗaya ƙarami ne, kuma babu wanda za a ce bai kamata ba. Ranar sayen gyaɗa sai ta ga kuɗin tiya goma sun koma na tiya bakwai. Sai ta ce kasuwa ce ta lalace, ko kuma baki ne ya kama ta. Kasuwa lafiyarta lau.

Maganin abin gwangwani biyu ne da littafi ɗaya. Gwangwani na farko na uwar kuɗi ne, ba a taɓa shi sai ranar saro kaya. Na biyu na riba ne: daga nan ake cefane, ake zubin adashi, ake biki da suna. In na biyu ya ƙare, ya ƙare. A littafi kuwa a ja layi uku: abin da ya shigo, abin da ya fita, bashi. Layin bashi ya haɗa da 'yan gida, har da maigida. Dukiyar mace tata ce a shari'a, sadakinta ne ko gadonta ko ribar sana'arta, ciyar da gida kuma a wuyan miji yake. In ta taimaka alheri ta yi, in kuma aro aka ce, a biya. Namijin da ke biyan matarsa bashi a kan lokaci bai rage komai daga girmansa ba, kuma shi ne zai samu gobe in ya sake nema.

Masu rumfa a kasuwa su ma haka. Ɗan'uwa rabin jiki ne, ba a kore shi. Amma ka yanke wa kanka abin da za ka iya bayarwa a wata saboda zumunci, ka bayar da shi kyauta da zuciya ɗaya. Ya fi ka kira shi bashi, ka san ba za a biya ba, ka yi ta ƙunci kana kauce wa mutum a masallaci. Wanda ya zo bayan kason ya ƙare, a gaya masa gaskiya da taushin murya: "Kawu, wallahi abin da ya rage na masu kaya ne. In wata ya kama zan neme ka." Kuma in watan ya kama, ka neme shi.

Wata magana da ba kowa ke son ji ba ita ce talla. Yarinyar da ke yawo da faranti daga safe har azahar tana ƙara wa uwarta ciniki, gaskiya ne, amma da karatunta ake biya. Da yawa daga cikinmu abin da ya kawo mu wannan aji da furfura ke nan. A nemi dabara: a sayar a ƙofar gida, a ba mai shago sari, a karɓi oda ta waya.

Gyaran rubutu

Ƙugiyar harafi tana canza magana. A karanta da ƙarfi, a rubuta sau uku:

kashi, ƙashi
da, ɗa
bari, ɓari
baki, baƙi

Wanda ya manta ya sa ƙugiya inda ba ta, sai ya rubuta ƙashi-mu-raba, ya mai da yarjejeniyar ta mahauta. Kalmar gado kuwa rubutunta ɗaya, ko na kwanciya ko na magada. Jimla ce ke bambancewa. Kowa ya yi jimla biyu da ita.

Shifta: Ƙanena ya karɓi kuɗi. Mun rubuta a takarda. Shaidu biyu sun sa hannu.

Aikin gida

Ka tuna mutum ɗaya a danginku da kake bi, ko yake binka, ba a rubuta ba. Kada ka je masa tukuna. Ka fara rubuta a littafinka nawa ne, yaushe aka bayar, da abin da kake jin an ce a ranar. Sannan ka ja layi ukun nan, ka cike su na kwana bakwai, ko da naira hamsin ce ta fita a sayi ashana. Ranar aji mai zuwa a zo da littafin. Ba za a karanta sunan kowa a fili ba, jimillar kawai za mu haɗa a allo.