Kurakuran da ke kashe tsohon kaset

Kaset ya sake samun kasuwa a Turai da Amurka, inda matasa ke sayensa don sha'awa, shekaru da dama bayan kamfanin Philips ya fito da shi a 1963. Mu kuwa a cikinsa muka adana tafsirin watan azumi, da waƙoƙin makaɗan gargajiya, da saƙon muryar 'yan'uwa mazauna Makka. Wani kaset ɗin kwafinsa ɗaya tak ya rage a duniya.

Babban ganganci shi ne a ɗauko irin wannan a jefa cikin rakodar da ta daɗe a ajiye. Bel ɗin robar da ke cikinta kan narke ya zama baƙin danƙo kamar kwalta, 'yar tayar da ke jan zare kuma ta bushe. Kana danna maɓalli sai ta tauna zaren. Fara kai ta wurin mai gyaran rediyo ya canja bel. Goge hed (ɗan ƙarfen da ke karanta sautin zaren) da tayar da auduga da ɗan sifirit, ka bari su bushe, sannan ka gwada da kaset ɗin da ba ka jin asararsa.

In ta riga ta ci, kada ka fizga. Kashe ta, zaro zaren a hankali, ka naɗe shi da biro. In ya tsinke, guji salatif, domin gam ɗinsa na tsattsafowa ya manne zaren. Akwai tef na musamman na haɗi, kuma a bayan zaren ake liƙa shi, ɓangaren da ba ya taɓa hed.

Da yawa sun zubar da kaset mai rai saboda muryarsa ta dishe. Leƙa gindinsa, a tsakiya: akwai ɗan soso da ke danna zare a jikin hed. Sau da yawa shi ne ya faɗi, a mayar da shi magana ta ƙare. Ɓalle 'yan haƙoran nan biyu na samansa kuma, kada yaro ya ɗauki muryarsa a kan karatun malam.

Zafin cikin mota, danshin damina da maganaɗisun sifika duk suna ɓata shi. Kaset mai lamba C120, wato mai minti 120, ya fi saurin tsinkewa, zarensa siriri ne.

Sai masu kara waya a bakin sifika wai suna kwafa. Kukan akuya da ƙarar janareto duk za su shiga. Haɗa rakoda da kwamfuta da igiya, ka ɗauka da manhajar Audacity, kyauta ce, ka adana a WAV, tsarin fayil da ba ya rage ingancin sauti. Wanda za ka tura ta WhatsApp sai ka mayar da shi MP3. Kada ka yar da kaset ɗin na asali.

Masu cewa kaset ya fi CD tsabtar sauti, son zuciya ne kawai. Shuuu ɗin nan na bayan murya ba ya rabuwa da shi.