Hakin maijego: kurakuran da ke ɓata lokaci kafin a gano ciwon zuciya

Sati uku da haihuwa, wata maijego tana wanka gidan iyayenta a Tudun Wada. Daga bakin rijiya zuwa ɗaki da rabin bokiti, sai ta dafa bango tana haki. Da dare ba ta iya kwanciya sai an tara mata filo uku, ga tari ya hana ta barci. Gwaggonta ta ce, "Gajiyar haihuwa ce, 'yar nan, mu ma haka muka yi." Wannan shi ne kuskuren farko, kuma a ganina duk ya fi muni.

Akwai ciwon da ke kama tsokar zuciya daga watan ƙarshe na ciki zuwa wata biyar bayan haihuwa. Zuciyar ta saki, ta kasa tura jini yadda ya kamata, ruwa ya taru a huhu da ƙafafu. Zariya na cikin wuraren da aka fara nazarinsa sosai: a 1978 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka wallafa binciken mata 224 da aka duba a nan. Gajiya kan lafa in an kwanta, wannan hakin kuwa kwanciyar ce ke tayar da shi. Da an ga haka, ko kumburin ƙafa yana haurowa, a nufi asibiti a yi hoton zuciya. Kada a jira arba'in.

Tsayawa a kemis sayen maganin tari ko na fuka ƙarin ɓata lokaci ne kawai.

Sai maganar kanwa. Binciken 1978 ya alaƙanta ciwon da wankan jego, da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa. Kanwa cike take da sinadarin da ke cikin gishiri, mai riƙe ruwa a jiki. Ba wa mai kumburi kofi bayan kofi don nono ya kawo, ɗora wa raunanniyar zuciya kaya ne. A daina, a kuma rage gishiri da dunƙule a miya.

Amma masu cewa "ai 'yarmu ba ta sha kanwa ba, don haka ba shi ba ne" su ma sun kauce. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta a asibitocin Najeriya ya nuna ciwon ya fi alaƙa da ramar jiki, da hawan jinin masu ciki, wani bincikensa kuma ya nuna ƙarancin sinadarin siliniyam a jinin masu ciwon. Shi ya sa zuwa awo ba wasa ba ne.

Wadda aka ɗora kan magani kuma, sau da yawa Lasix, maganin rage ruwa a jiki, na sa ta yi ta fitsari, kumburi ya saɓe, sai ta ajiye sauran ƙwayoyin. Alhali magungunan zuciya irin su enalapril da bisoprolol su ne ke taimaka wa tsokar ta farfaɗo, kuma aikinsu na watanni ne. Likita kaɗai ke cewa a tsaya, bayan ya sake duba hoton.

Maigida, wannan naka ne: sabon ciki kafin zuciya ta murmure na iya dawo da ciwon fiye da na farko, kuma enalapril yana cutar da ɗan tayi. Ku je asibitin tare, a tsara tazarar haihuwa kana zaune a wurin.