Taron tallafin marayu: kurakuran da muke yi kafin mu ce "an yi nasara"

Duk shekara azumi na ƙaratowa ƙungiyoyin unguwa za su fara lanchin na kayan sallar marayu, kuma ana tashi sai ka ji ana "Alhamdulillah an yi nasara, fili ya cika maƙil". To cikar fili fa ita ce ma'aunin da ya fi yaudarar mu. A Disambar 2024 yara 35 suka rasu a turmutsutsu wajen wani taron rabo a Ibadan, cikin makon nan kuma aka sake rasa rayuka a Okija da Abuja wajen rabon abinci, duk wuraren nan jama'a sun cika. Don haka in za ku auna taro ku fara da tambayar ko kowa ya koma gida lafiya, tsofaffi da masu goyo sun samu ko ƙarfafa ne suka kwashe. Gyaran shi ne a raba kati tun kafin ranar ta hannun mai unguwa da limamai, daga baya a ƙirga katin da ya dawo.

Sai wanda ya fi ci min rai, ƙirga alkawari a matsayin kuɗi. Alhaji ya karɓi lasifika ya ce ya ba da dubu 500, aka yi kabbara, sakatare ya rubuta, washegari an watsa a Facebook wai an tara miliyan 3, alhali abin da ya shiga hannun ma'aji ko rabi bai kai ba, sauran sai a yi ta sintiri gidan mutum ana cewa ya yi tafiya. Ku yi shafi biyu a littafi, ɗaya na alkawari ɗaya na abin da alat ya shigo ko aka ba da rasit, kuma na biyun kaɗai za a faɗa wa jama'a. Ku sa wa'adi, ko sati biyu ne, wanda bai cika ba a cire.

Sannan a cire abin da aka kashe mana! Hayar kanofi da kujeru, man janareta, ruwan leda, mai hoto, kuɗin banna. In an tara dubu 800 an kashe dubu 300 wajen shirya taron, to dubu 500 kuka samar wa marayu, haka za a rubuta.

Wani kuskuren, ƴan kwamiti su zauna su kaɗai su yabi juna. Ba wanda ke komawa gidan matar da aka ba wa shadda ya ji ko ta samu kuɗin ɗinki, don sau da yawa yadin yana nan a ƙulle har sallah ta wuce, telan ma ya daina karɓar aiki tun tsakiyar azumi. Ku tura mata biyu daga cikinku su zaga ko gida goma ne su tambayi iyayen a keɓe, a gaban maza da kyamara ba wadda za ta ce kayan bai yi ba, kunya ba za ta bari ba.

Kuma kar a bar zaman bita sai wani azumin, lokacin kowa ya manta. A yi shi cikin sati guda bayan sallah, a kira limami ko wani dattijo da ba ya cikin kwamiti ya duba littafin ma'aji, a manna lissafin a ƙofar masallaci kowa ya gani.