Bishiyoyin da suka dace da lungun gidan da rana ba ta cika shiga ba

A gidana da ke Badariya, nan Birnin Kebbi, akwai wani lungu tsakanin madafa da katanga, faɗinsa bai wuce taku shida ba. Dalbejiyar maƙwabcina ta leƙo ta yamma ta rufe rabinsa. Sau biyu ina dasa gwanda a wurin, sau biyu tana miƙewa siririya kamar sanda, ganye kaɗan a kai, ko fure ba ta yi. Irin ba shi da laifi, ni ne ban san halin wurin ba.

Saboda haka kafin ka je wurin masu sayar da dashe, fara ƙidaya awannin da rana ke sauka a lungun. Ranar da kake gida, ka riƙa leƙawa tun fitowarta har la'asar, kana zana iyakar inuwa da tsinke a ƙasa. Ka yi haka da hunturu, ka sake yi da damina, domin inuwa ba ta zama wuri ɗaya. A watan Disamba rana kan karkata kudu, inuwar katanga ta zubo arewa da tsawo. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta kuwa takan bi ta arewa kaɗan, inuwar ta gajarta ta koma kudu.

Ka kuma lura wace rana ce ke shiga. Ta hantsi alheri ce. Ta bayan azahar a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a garin nan, ƙone ɗanyen ganye take yi. Lunguna yana samun ta safe awa huɗu zuwa biyar, kuma ƙaramin dashe ya fi jin daɗin hakan a kan tsakar gida fetal.

Idan awanninka ba su wuce uku ba, kada ka wahal da kanka da neman 'ya'yan itace, nemi ganye. Shuwaka ce gwanar irin wannan wuri. Ka yanko reshe mai ƙwari tsawon kamu biyu, ka soke shi a ƙasa mai laima, cikin 'yan makonni zai tofo. Takan kai mita biyu zuwa uku, kuma yawan tsinka shi ke sa ta yi duhu. Uwargidana ta daina sayen shuwaka a kasuwa tun shekarar da muka dasa ta.

Mai awa huɗu zuwa biyar, gwaba nake ba shi shawara da zuciya ɗaya. Ba ta girman da zai gagari lungu, tana jure sara, kuma nan da shekara biyu zuwa uku za ka fara ci. 'Ya'yan ba za su kai yawan na wadda ke fili ba, amma za su ishi yaran gida. Tawa na sare kanta tun tana iya ƙugu, na bar mata rassa uku, don haka yau ba a buƙatar sanda wajen tsinka. Fasadabur ma yana zama a irin wannan wuri, kuma bai cika wuce mita huɗu ko biyar ba. Idan ya zubar da ganye da rani kada ka tumɓuke shi, hutawa yake yi.

Lemun tsami kuwa ka ba shi gefen da ya fi haske, wajen awa shida, ka kuma nemi mai aure. A inuwa ganye da ƙaya kawai zai tara maka. Zogale da lalle ma 'yan rana ne. Za su rayu, amma zogale zai yi ta tsere da katanga sai kana datse shi a mita ɗaya. Mangwaro, durumi da ceɗiya, ka bar su ga mai fili, ko don saiwarsu da ke fasa gini.

Abin da mutane ba sa gani shi ne saiwar dalbejiya. Ita ce ke shanye ruwan da ka zuba, kana zargin inuwa. Ka haƙa rami santimita 60 zurfi da faɗi, aƙalla mita ɗaya da rabi daga katanga, nesa da masai, ka datse duk ƙananan saiwoyin da ka tarar. Ƙasarmu rairayi ce, ruwa ba ya zama, don haka ka cakuɗa ta da ruɓaɓɓen kashin shanu da ɗan laka na fadama, ka barbaɗa toka saboda gara. Ɗanyen taki ƙone saiwa yake yi. Ni nakan binne tsohon tulu a gefen ramin har wuya, in cika shi da ruwa in rufe bakinsa, yana tsattsafowa a hankali.

Wurin saye, ka ɗaga ledar ka duba gindinta. Idan saiwa ta fasa ta nannaɗe, ajiye ka ɗauki ƙarami. Dattijon da nake saye wurinsa nakan tambaye shi, "Baba, wannan a inuwa aka raine shi ko a rana?" Wanda ya tashi a ƙarƙashin rumfa ya fi saurin sabawa da lungu.

Ka jira ruwa ya zauna, ƙarshen Yuni zuwa Yuli, ka dasa da yamma, ka kewaye shi da ƙaya ko tsohon kwando saboda awaki. Reshen dalbejiyar da ya fi rufe ni kuma, sai da na sallama wa maƙwabcina bayan Magariba na nemi izini. Ya ce, "Malam, ai gida ɗaya ne," washegari ya turo ɗansa da adda. Wannan reshe ɗaya ya ƙara wa gwabar awa guda cur na rana.