Turaren Kakin Zuma: Yadda Nake Haɗa Nawa a Gida

Ni dai turaren fesawa bai taɓa karɓata ba. Da an fesa shi a ɗaki sai atishawa, in ya yi yawa kuma kaina ya ɗauki ciwo har yamma. Humra ina sonta ƙwarai, amma sau biyu kwalbarta tana tsiyayewa a jakata, sau ɗaya ma a kan farin mayafina ana gobe ɗaurin auren ƙanwata. Shi ya kai ni ga turaren kakin zuma, wanda ake daskararwa a ɗan gwangwani kamar man leɓe, ki lakata da yatsa ki shafa. Ba ya zuba, babu alkohol a cikinsa, kuma ƙamshinsa ba ya cika ɗaki. Sai wanda ya matso kusa da ke zai ji shi, abin da ya fi kwantar mini da rai ke nan idan zan fita cikin mutane.

Abu uku kawai ake buƙata: kaki, mai, da ƙamshi.

Kakin shi ne gindin aikin, kuma a nan aka fi cutar mutane. Farkon sayena an haɗa ni da wanda aka gauraya da kakin kyandir, turaren ya fito yana marmashewa, a fata kuma sai santsi babu laushi. Kakin zuma na gaske yana ƙamshin zuma ko da kaɗan ne, idan kika murza gutsurensa a tsakanin yatsu zai yi laushi ya lanƙwasu. Yanzu wurin masu sayar da zuma da saƙarta nake saye. In na tatse zumar, sai in zuba saƙar a tukunya da ruwa, in ɗora a wuta kaɗan har ta narke, in tace da tsohon ɗankwali mai tsabta, in bar shi ya kwana. Da safe kakin ya taso saman ruwan ya yi faifai. Ki kankare dattin da ke ƙasansa, ki shanya shi ya bushe ƙayau. Kada ki yi wasa da bushewar nan, domin ruwa ne ke kawo fumfuna a turaren.

Batun mai kuwa, ki nemi wanda ba shi da ƙamshin kansa. Man gyaɗa da man riɗi duk za su danne miki turare. Ɗanyen man kaɗe yana gyara fata a hunturu, amma warin hayaƙin da ke tare da shi ba ya ɓoyuwa, saboda haka in zan sa shi ba na wuce rabin ƙaramin cokali. Masu kayan kwalliya suna sayar da man jojoba, yana daɗewa bai yi ɗaci ba, sai dai tsada. Wanda na fi so shi ne man 'ya'yan zogale: yana riƙe ƙamshi, ba ya saurin lalacewa. Tun zamanin Fir'aunoni Misirawa suke haɗa turare da shi, da kuma man aduwa, itatuwan da mu a nan muke wucewa kullum a bakin hanya.

Ƙamshin hanya biyu gare shi. Ta farko ita ce jiƙo, wadda na koya wurin wata maƙwabciyata mutuniyar Borno, gwanar turaren wuta. Ki samo garin sandal, da kajiji, da saiwar jema, duk a Kasuwar Kurmi nake samun nawa. Ki tabbatar sun bushe, ki ɗan daddaka kajijin da jemar, ki zuba su rabin kwalba, ki cika da mai har ya rufe su. Ki ajiye a inuwa mako uku zuwa huɗu, kina girgizawa duk sanda kika tuna, sannan ki tace. Ƙamshin da zai fito mai sanyi ne, irin na ƙasa bayan yayyafin farko. Ni shi kaɗai ma yana isata idan na dare ne, wanda nake shafawa bayan sallar isha'i kafin in kwanta.

Hanya ta biyu ita ce tataccen man ƙamshi da ake sayarwa a 'yan ƙananan kwalabe: na sandal, na lubban, na fure, na lemo. Waɗannan suna da ƙarfi sosai, da ɗigo ake auna su. Man kirfa da na kanumfari suna ƙona fata, ɗigo ɗaya ya isa ko ki bar su gaba ɗaya. Man ɓawon lemon tsami kuma yana iya ɓata fata idan kika shafa kika shiga rana. Sannan kada ki zuba humra ko turaren fesawa a cikin kaki, wai don ki ƙara masa ƙarfi. Suna ɗauke da ruwa ko alkohol, ba za su haɗu ba, sai ki ga turaren yana tsatstsafo da ɗigo-ɗigo a sama. Na mai kawai ke shiga.

Yanzu ga awon, kuma a nan nake so ki saurare ni da kyau. Yawancin awon da ake yaɗawa mutanen ƙasashen sanyi ne suka tsara shi, kaki kaɗan mai da yawa. Na bi shi sau ɗaya a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, na buɗe jaka a cikin a-daidaita-sahu na tarar turaren ya koma kunu. Kakin zuma ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 62, saboda haka shi ne ke tsare miki turaren, kuma gwargwadon yawansa gwargwadon taurin abin. A bazara ina sa cokalin cin abinci ɗaya na narkakken kaki, da cokali ɗaya na mai. A hunturu, kaki cokali ɗaya, mai cokali biyu, in ba haka ba zai yi tauri har yatsa ya kasa lakato shi. A kan cokali biyun nan na bazara, ɗigo 20 zuwa 30 na man ƙamshi ya wadatar. Mai fata mai saurin ƙaiƙayi ta tsaya a 15.

Kada ki ɗora kaki kai tsaye a kan wuta, yana iya kamawa. Ki wanke gwangwanin madara ki busar, ki zuba gogaggen kakin a ciki, ki tsayar da shi cikin tukunya mai ruwa kaɗan, wuta ƙasa-ƙasa. Idan ya narke sarai ki zuba man, ki juya da tsinken tsire. Kafin ki sauke, ki tsoma bayan cokali mai sanyi a ciki ki fitar. Nan take zai daskare, ki taɓa ki ji. In ya yi ruwa ki ƙara kaki, in ya yi tauri ki ƙara mai.

Sai ki sauke, ki share ruwan jikin gwangwanin, ki dakata kamar minti ɗaya. Wannan dakatawar tana da muhimmanci, don in kika zuba ƙamshi a mai mai tsananin zafi, tururi zai tafi da mafi daɗinsa, kicin ya ɗauki ƙamshi turaren ya tashi lami. Da kin ga gefen gwangwanin ya fara yin fari-fari, ki ɗiga ƙamshin, ki juya da sauri, ki juye a mazubi. Ƙananan kwalabe masu faɗin baki ko sababbin gwangwanayen man leɓe sun fi. Gwangwanin man zafi kam ko sau goma kika wanke shi warin ba ya fita. Ki bar shi a buɗe har ya huce, wajen rabin awa, sannan ki rufe.

Ranar farko ƙamshin yakan zo a rarrabe, ki ji lemo daban sandal daban. Ki ba shi mako guda a rufe, za su saje. Kafin ki fara amfani da shi, ki shafa kaɗan a cikin gwiwar hannu ki bar shi kwana ɗaya, in ya yi ja ko ƙaiƙayi ki haƙura da wannan haɗin. Mai juna biyu ta fara tambayar likita ko ungozoma game da tataccen man ƙamshi, jarirai kuma kada a shafa musu ko kaɗan.

Wurin shafawa, inda jini ke bugawa ya fi, saboda ɗumin wurin ne ke tayar da ƙamshin: wuyan hannu, bayan kunne, da gindin wuya. Ba ya kai yini kamar na kanti, bayan awa uku ko huɗu sai kin ƙara, shi ya sa ɗaya yake zama a jakata. Sauran ina ajiye su a cikin durowa nesa da taga, in rubuta watan da na haɗa a ƙasan kowane gwangwani. Ina ƙoƙarin ƙarar da su cikin wata shida, kuma duk wanda na buɗe na ji yana warin tsohon mai, zubar da shi nake yi.