Yadda za ka saka unguwarku a taswirar OpenStreetMap

Steve Coast ne ya fara OpenStreetMap, taswirar duniya ta intanet, a Birtaniya a 2004, kuma har yau 'yan sa kai ne ke zana ta. Kowa na iya ɗaukar bayanan ciki kyauta, ko da kasuwanci zai yi da su, muddin ya ambaci inda ya samo. Da aka yi girgizar ƙasa a Haiti a 2010, mutanen da suke nesa ne suka zana titunan Port-au-Prince, babban birnin ƙasar, cikin 'yan kwanaki, masu agaji suka yi aiki da su.

Buɗe asusu da imel a openstreetmap.org, ka nemo garinku, ka matso da taswirar sosai, sannan ka danna Edit. Ni dai kwamfuta nake amfani da ita, zane a waya wahala ne. Hoton tauraron ɗan adam zai fito, da kayan zane uku: ɗigo, layi da fili. Rijiyar burtsatse ko kemis, ɗigo ya wadatar. Titi da lungu, layi. Masallaci ko makaranta kuwa, sai ka bi gefen rufin ka zagaye shi, ka danna harafin Q a kwamfutar kusurwoyin su daidaita.

Ka fi mai da hankali kan sunaye. Wanda ke Jamus ma zai iya zana rufin gini daga hoto, amma ina zai san cewa ginin nan Islamiyya ce, ko titin nan ba ya biyuwa da damina? Kai ɗan unguwa ka sani. Rubuta sunan yadda yake a allon wurin, idan kuma akwai wanda jama'a suka fi kiransa da shi, akwai gurbin ƙara shi.

Abu biyu ka kiyaye. Kada ka kwafo daga Google Maps, komai sauƙinsa. Bayanansu na da haƙƙin mallaka, in aka gano za a goge aikinka. Sannan kada ka rubuta "gidan Alhaji wane" a kan gidan mutum, domin duk duniya ke gani.

In ka gama, danna Save, ka rubuta gajeren bayanin abin da ka yi, misali "na ƙara masallatai da burtsatse a unguwarmu". Wani zai iya gyara maka ko ya turo tambaya. Amsa masa, domin galibi wanda ya daɗe a aikin ne yake son tabbatar da abin da ka gani da idonka.